Batir Ba Ya Mutuwa Haka Siddan: Yadda Ɗabi'un Caji Ke Rage Masa Kwana

A kusan kowace unguwa ta Kano, Kaduna, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram akwai shago ko rumfa mai allon katako cike da soket, wayoyi jere a kai kowacce da lambarta, janareta na ruri a baya. Sana'ar caji ta samu gindin zama ne saboda wutar lantarki ba ta da tabbas. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, kunna janareta ya zama sai wane da wane, jama'a suka raja'a kan sola da fitilu da fankoki masu caji. A watan Oktoban 2024 kuwa, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta jefa jihohin Arewa da dama cikin duhu na fiye da mako guda, kowa ya gane matsayin batir: daga mai sana'ar POS da ɗalibin da ke shirin jarrabawa, har zuwa unguwarzomar da ke karɓar haihuwa da hasken tocila.

Duk da wannan dogaro, kuka ɗaya ake ji a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano da takwarorinta: "Ba ya riƙe caji." Wayar da bara take kwana biyu ba a jona ta ba, bana sai an jona ta sau uku kafin la'asar. Batirin sola da aka tara kuɗi aka saya da fatan zai yi shekara huɗu, kafin damina ta biyu ya fara ɗauke wuta da tsakar dare. Akan ɗora laifin kan jabun kaya, kuma babu shakka jabu ya cika kasuwa. Amma ko da batirin na gaske ne, yadda ake yi masa caji da inda ake ajiye shi su ke ƙara masa kwana ko su rage. Abu biyu suka fi cutar da mu: muna bi da batirin yau da ƙa'idar batirin jiya, sannan muna raina illar zafi a ƙasar da zafi ya fi komai yawa.

Nasihar da zamaninta ya wuce

Lokacin da wayar salula ta bazu a Najeriya daga 2001, mai shago kan yi wa mai saye gargaɗi biyu: ka bar ta a caji awa takwas kafin ka kunna, kuma kada ka sake jona ta sai ta mutu murus. A wancan lokaci nasihar tana da tushe. Na'urori da yawa, har da Nokia 3310 da ta yi tashe, sun zo da batirin sinadarin nikel. Tsohon jinsinsa na nikel da kadmiyam, wanda Waldemar Jungner ɗan ƙasar Suwidin ya ƙirƙiro a 1899, yana da wani hali: idan aka saba yi masa caji bai ƙare ba, sai ya riƙa nuna ya ƙare alhali da sauran wuta a cikinsa. Maganin shi ne a riƙa ƙarar da shi lokaci zuwa lokaci.

Wayar da ke hannunka yau ba wannan batirin ke cikinta ba. Batirin litiyam ne, wanda masana uku suka gina bi da bi: Stanley Whittingham ya aza tubalin a kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970, John Goodenough ya inganta shi a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino na Japan ya haɗa samfurin da za a iya kaiwa kasuwa a 1985. Kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991, kuma a 2019 mutanen uku suka samu kyautar Nobel ta ilimin sinadarai, lokacin Goodenough yana da shekara 97. Wannan batiri ba ya buƙatar cajin awa takwas a ranar farko, ba shi da halin nan na nikel, kuma ƙarar da shi har waya ta mutu cutarwa ce a gare shi. Abin da ya kasance magani jiya ya zama ciwo yau, amma har gobe ana gadar wa yara shi.

Me ke tsufar da shi?

A cikin batirin litiyam akwai ɓangarori biyu, da wani siririn shamaki a tsakaninsu, da ruwan sinadari da ya jiƙa su. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam kan taso daga ɓangare ɗaya su ratsa shamakin su shige cikin ɗayan, wanda aka yi da girafait, wato baƙin abin nan na cikin fensir. Idan ana amfani da wayar sai su koma inda suka fito. A kowace tafiya da dawowa wasu ƙwayoyin kan maƙale a wani ɓawo da ke taruwa a jikin girafait ɗin, ba su sake shiga aiki ba. Tsufan batir ke nan. Babu mai iya hana shi, amma ana iya jinkirta shi, ana kuma iya gaggauta shi.

Kamfanoni na auna kwanan batir da zagayen caji. Zagaye ɗaya shi ne a yi amfani da wutar da ta kai cikin batirin baki ɗaya, ko a tashi ɗaya ko a rarrabe. Wanda ya ci rabi yau ya cika, gobe ya ci rabi ya sake cikawa, zagaye ɗaya ya yi, ba biyu ba. Saboda haka yawan jona waya ba ya cinye kwananta kamar yadda ake zato. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabaninta an tsara su su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan zagaye 1,000. Mai cinye batir ɗaya kullum zai kai 500 cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Amma waɗannan alƙaluma an same su ne a yanayi mai kyau, ba a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ba.

Tsakanin 20 da 80

Batirin litiyam tamkar cikin ɗan Adam yake: mugun ƙoshi na wahalar da shi, muguwar yunwa ma haka, lafiyarsa tana tsakatsaki. Idan ya cika maƙil, ƙarfin wutar da ke cikinsa kan kai bolt 4.2, a wayoyin zamani har wajen 4.4, kuma a wannan matsayi ne ruwan sinadarin ya fi saurin lalacewa. Idan ya sauka ƙasa sosai, wajen bolt 3, waya kan kashe kanta don ta kare shi. Idan kuma aka jefar da ita cikin akwati a haka na tsawon watanni, wutar kan ci gaba da zurarewa har cikin batirin ya lalace, wani lokaci ya ƙi karɓar caji kwata-kwata. Shi ya sa masana suka fi son a riƙa yawo tsakanin kashi 20 da kashi 80, na'urar da za a ajiye ta daɗe kuma a bar ta da kusan rabi.

Kamfanonin da kansu sun tabbatar da haka a aikace. Tun 2019 Apple ya sa wa wayoyinsa tsarin da ke tsayar da caji a kashi 80 cikin dare, ya ƙarasa sauran gab da lokacin da mai wayar ya saba cirewa, daga baya ya ƙara zaɓin tsayawa a 80 ɗungurungum. Samsung ma ya kawo zaɓin tsayawa a kashi 85, a sababbin manhajojinsa kuma 80. Masu Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne mafi yawa a hannun jama'armu, su leƙa sashen batir a saitin wayarsu. In babu irin wannan zaɓi, cirewa da hannu ta wadatar.

A nan dole a faɗi gaskiya. Mutumin da bai san ranar da za a sake kawo wuta ba, ko wanda ya biya kuɗin caji a shago, ba za a ce masa ya tsaya a 80 ba. Ya cika abinsa. Taɓa kashi 100 ba shi ne babban laifi ba. Daɗewa a can ne, musamman cikin zafi. Wanda ya cika ya cire ya ci gaba da amfani bai yi ɓarna mai yawa ba. Wanda ya bar waya a jone daga isha'i zuwa hantsi kullum, ko kwamfutar tafi-da-gidanka a jikin soket wata da watanni, shi ne ke tsufar da batirinsa ba tare da ya more shi ba. Haka kuma, idan wuta ta zo na minti talatin, a jona ko da batirin yana kashi 60. Cajin guntu-guntu ba ya cutar da litiyam, ya ma fi masa daɗi.

Zafi, babban maƙiyi

Da za a ce a zaɓi abu ɗaya tak a kiyaye, to zafi ne. Duk lalacewar da ke faruwa a cikin batir aikin sinadarai ce, kuma zafi na ƙara mata sauri. Apple ya bayyana cewa na'urorinsa sun fi jin daɗin yanayin digiri 16 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma yi gargaɗin cewa wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir ragin da ba ya dawowa. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, tsakanin Maris da Mayu, zafin rana kan haura digiri 40 a inuwa. Ma'ana, a bazara wayarmu ta riga ta ƙetare iyaka tun kafin a jona ta, sannan caji ya zo ya ƙara nasa zafin.

Dubi yadda muke yi. Direba ya ɗora waya a gaban gilashin mota da tsakar rana, alhali cikin motar da aka rufe a rana kan wuce digiri 60. Matashi na kallon ƙwallo ko buga wasa wayar tana jone, injin wayar na zafi, batir na zafi, ga riga mai kauri ta lulluɓe su. Wata ta tura waya ƙarƙashin matashin kai tana caji har gari ya waye. A shagon caji kuma wani lokaci akan jibga wayoyi wata kan wata a cikin akwati, kusa da hucin janareta. Wanda yake zaune a inda sabis ba shi da ƙarfi ma yana da nasa kason, domin waya na ƙara ƙoƙarin neman turken sadarwa, ta ci wuta ta yi ɗumi.

Maganin ba ya cin ko kobo. A yi caji da dare ko bayan asuba idan da hali. A cire rigar waya. A ajiye ta kan siminti ko tayil a inuwa, ba kan katifa ko kujera mai soso ba. A bar ta ta huta yayin da take caji. Idan ta yi zafin da hannu ke jin sa, a cire ta sai ta huce. Kada a saka ta a firji don ta yi sanyi: raɓar da za ta taru a cikinta bayan an fito da ita na iya lalata ta fiye da zafin. Masu shagon caji kuma, rumfa mai iska da tazara tsakanin wayoyi na daga cikin riƙon amanar kayan mutane.

Caja, janareta da fawa-banki

Aikin kan caja shi ne ya karɓi wutar gida mai bolt 230 ya mai da ita 'yar ƙarama mai natsuwa, wajen bolt 5 ko abin da wayar ta nema. Caja ta gari na da kayan da ke tace wutar da kuma raba babbar wuta da ƙaramar. A jabu, waɗannan kayan ne ake ragewa don a karya farashi, sakamakon kuwa shi ne zafi, ƙonewar sashen cajin waya, wani lokaci har jan wuta ko gobara. Arha a nan ba ta ado. Ƙaramin janareta da wutarsa ke hawa da sauka, da kuma wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, duk caja ce ke tare su. Kyakkyawar ɗabi'a ce a jira 'yan mintuna bayan an kawo wuta ko an tada inji kafin a jona.

Caji mai sauri ba aibi ba ne idan wayar an yi ta domin sa, domin ita da cajar kan daidaita adadin wutar a tsakaninsu. Takan ja da ƙarfi a farko, ta rage yayin da take gab da cika. Don haka jinkirin da ake gani daga kashi 80 zuwa sama kariya ce, ba matsala ba. Kuɗin saurin dai zafi ne, saboda haka wanda ba ya gaggawa, cajar da ba ta da gudu ta fi masa a bazara.

Fawa-banki ma batirin litiyam ne, duk ƙa'idojin nan sun hau kansa. Sai dai a san lissafinsa: adadin 10,000 da aka rubuta a jikinsa an auna shi ne a bolt 3.7, idan aka ɗaga wutar zuwa bolt 5 aka cire wadda ke salwanta a hanya, abin da ke fitowa kusan kashi biyu ne cikin uku. Wannan ba ha'inci ba ne. Ha'inci shi ne ɗan ƙaramin abu mara nauyi da aka rubuta wa adadin da girmansa ba zai ɗauka ba.

Batirin sola: nan ƙa'ida ta juya

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar dokar waya a ɗora wa batirin inbata. Yawancin waɗanda ke gidajenmu da shagunanmu na dalma ne da ruwan asid, fasahar da Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Shi wannan cika yake so. Idan aka bar shi a ƙasa kwana da kwanaki, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantan da ke cikinsa, ya toshe su, kuma idan ya yi tauri ba ya narkewa. Ƙa'idarsa ita ce kada a ci fiye da rabinsa, kuma a mayar da shi ya cika da wuri. Batir mai bolt 12 da ya cika ya huta kan nuna wajen 12.7, idan ya sauka wajen 12.1, an kai rabi.

Ga lissafi mai sauƙi. Batir mai lamba 200 a bolt 12 yana ɗauke da wutar da ta kai wat 2,400 na awa ɗaya. Rabinta 1,200. Idan fankoki da talabijin da ƙwan fitilun gida suna jan wat 300, awa huɗu ke nan, ko ƙasa da haka idan aka cire abin da inbata ke ci. Wanda ya ja shi har inbata ta yi ƙara ta ɗauke kullum, ya san yana cin kwanan batirinsa ne. Haka wanda ya sayi manyan batura ya haɗa su da farantan sola kaɗan: ba za su taɓa cika ba, musamman a damina da lokacin hazon hunturu, sa'ad da ƙura ke rufe farantan idan ba a goge su.

Sauran ladubban sanannu ne a wurin masu sana'ar. Batir mai murafu a riƙa duba ruwansa, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ba na rijiya ko na leda ba, ba kuma asid ba. Kada a haɗa tsoho da sabo a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota an yi shi ne don ya tada inji cikin daƙiƙu, ba don ya riƙe gida dare guda ba. A ajiye su a inda iska ke shiga, domin suna fitar da iskar haidurojin mai kama wuta yayin caji, kuma masu ƙera su na ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 na raba kwanansu biyu.

Yanzu batirin litiyam na sola, mai haɗin ƙarfe da fosfet, yana yaɗuwa. Ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure zagaye dubbai, ana iya cin kashi 80 nasa ba fargaba, ba ya buƙatar ruwa. Sharaɗinsa shi ne na'urar da ke cikinsa mai sa ido kan caji ta zama ta gari, kuma a saita inbata da kwantirolar sola daidai da shi.

Idan kwana ya ƙare

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya ko gilashinta ya gama aiki. Iska ce ta taru a ciki saboda lalacewar sinadari. Kada a danne shi, kada a huda shi, kada a sake jona shi. Abin da ya faru da Galaxy Note 7 a 2016, lokacin da Samsung ya janye wayar daga kasuwannin duniya saboda baturanta na kamawa da wuta, ya isa ya nuna cewa litiyam ba abin wasa ba ne. Sauya batir a wurin mai gyara na gari ya fi sauya waya sauƙi, ya kuma fi jiran tsautsayi.

Mataccen batirin dalma kuwa kuɗi ne, shi ya sa 'yan gwangwan ke nemansa. Haɗarin yana wurin fasa shi da narka dalmar a cikin unguwa. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sanadin gubar dalma daga irin wannan aiki. Mu ma mun san wannan guba: ita ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake a can daga haƙar zinare ta fito. A 2024 Najeriya ta fitar da dokokin kula da batura ƙarƙashin hukumar NESREA. Amfaninsu zai bayyana ne ranar da mai sola a ƙauye ya san takamaiman inda zai kai tsohon batirinsa.

Ba duk nauyin ke kan mai saye ba. Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga watan Yunin 2025 batirin duk wayar zamani (smartphone) da za a shigar kasuwarta ya jure zagaye 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa. Hukumominmu na kula da ingancin kaya na da ikon sa irin wannan sharaɗi, su kuma tsare kan iyaka daga jabun caja da batura, domin talakan da ke sayen batir sau biyu a shekara shi ne ke biyan kuɗin sakacin.

Kafin nan, abin da ke hannunka mai karatu ba shi da wuya. Ka san irin batirin da kake da shi. In na litiyam ne, kada ka bari ya mutu murus, kada ka bar shi a cike yana gasuwa. In na dalma ne, kada ka ci fiye da rabi, ka tabbatar yana cika. Kowanne ne, ka nisanta shi da zafi, ka saya masa caja ta gari, in ya mutu kuma kada ka bari ya faɗa hannun yara ko ya ƙare a juji. Ka kuma sanar da na gida, domin kuɗin da za a kashe wajen sauya batir kafin lokacinsa, akwai buƙatun da suka fi cancanta da shi.